Sakatar Jirgin Nuhu

Zuwa ga 'yata, Mamana,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda za ta same ku lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya aikin asibiti, yaya tsayuwar nan da kika ce tana kumbura miki ƙafa? Kullum ina kai ku gaban Ubangiji, ya tsare ki daga cututtukan da kike jinyar mutane a kansu. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Babanku ta yi sauƙi, ko da yake ba ya shan magani sai na tsaya a kansa kamar ɗan sanda. Goggonku ma tana nan da ƙarfinta da bakinta. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san hannun da ya koyi riƙe biro bayan ya yi jika ba ya bin layi. Amma wannan labari ban yarda wani ya rubuta mini ba, ban kuma so in faɗe shi a waya, don kuka zai tare mini murya.

Mamana, Auta ya dawo gida! Na fara da wannan ne don kada ki karanta da faɗuwar gaba, yadda ni nake karanta taki.

Kin san yadda aka rabu: ranar da ya zo shago a buge, ya ɗaga wa Babanku murya a gaban masu sayen kujeru, har ya ture teburin aiki, Babanku ya ce muddin yana numfashi ƙanenki ba zai ƙara taka ƙofar gidansa ba. Tun daga nan yaron yake kwana a garejin makanikai na bayan tasha, ni kuwa ina aika masa abinci ta hannun Goggonku. Sai a makon jiya ta shigo ko sallama babu, ta ce Auta ya shirya da wasu mutane za su tafi wurin haƙar ma'adinai, motarsu za ta tashi ranar Asabar. Irin ramukan nan ne da ƙasa ke ruftawa da mutane, iyaye ba su ga ko gawa ba. Na durƙusa na roƙi Babanku. Ya ce mutanen zamanin Nuhu ma an yi musu gargaɗi ba su ji ba, aka rufe ƙofa, ruwa ya cinye su, shi ma ya rufe tasa ke nan. Na duƙufa ga addu'a, har girki ya riƙa ƙonewa a gabana.

To ki ji yadda Allah yake aikinsa. Malamar makarantar Lahadi ta roƙi Babanku ya ƙera wa yara ɗan jirgin Nuhu na katako, wanda za su iya shiga su fita, don darasinsu na ruwan tsufana. Kin san shi da aikin coci. Ya zuba masa fasaha, hawa uku, da taga, da ƙofa a gefe, ya goge shi sumul ba inda zai soki yaro. Da ya kai ranar Jumma'a, malamar ta yaba ƙwarai, sai ta leƙa ciki ta ga ya kafa wa ƙofar sakatar ƙarfe. Cikin ladabi ta ce Baba a cire wannan, don ba Nuhu ne ya rufe jirgin ba. Babanku ya ce ita yarinya ce, ta bar wa kafinta maganar ƙofa. Ya ce Nuhu abokin sana'arsu ne, kuma duk mutumin da ke da zaki a ciki da ruwa a waje ba zai bar ƙofa ba sakata ba, sai dai in koyon aikinsa bai kai ba. Ta yi dariya ta ce ya je gida ya duba.

Ya dawo yana ta mita, ya nemi tabaransa bai gani ba, sai ya ce in ɗauko Littafi Mai Tsarki in karanta masa. Na bi da yatsa a hankali. Nuhu ya yi duk abin da aka umarce shi, ya shiga da matarsa da 'ya'yansa da matansu, sannan Ubangiji da kansa ya rufe ƙofar. Babanku ya ce na tsallake layi, in sake. Na sake, ban tsallake komai ba. Can ya tambaye ni, in haka ne, mene ne aikin Nuhu a wajen ƙofar. Na ce ni dai abin da na gani shi ne an ce ya gina ya gina, an ce ya shigar da iyalinsa ya shigar. Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, kin san halinsa, in aka tura shi baya yake ja.

Ya tashi ya ɗauki jakar kayan aiki ya fita. A coci ya cire sakatar, ya cike ramukan ƙusa da garin katako da gam, ya goge har ba a gane wurin. Daga can bai biyo gida ba, gareji ya wuce da gwiwar nan tasa. Mai garejin ne ya ba ni labarin abin da ya faru. Ya ce Babanku ya tarar da Auta ya riga ya ɗaure jakarsa. Babanku ya gaya masa cewa bai zo don yaron yana da gaskiya ba, abin da ya yi mugun abu ne kuma Allah ya gani, amma hukunci na Allah ne, shi uba ba a ba shi aikin rufe ƙofa ba, shigar da 'ya'ya aka ba shi. Wai sai ya haɗe rai ya ƙara da cewa akwai bencuna a shago da ba a gama ba, shi kuma ba zai riƙe katako ya riƙe zarto shi kaɗai ba. Auta ya zube a cikin baƙin man nan na ƙasa ya kama ƙafafunsa yana kuka, har makanikai suka ajiye aiki.

Ina shanya a tsakar gida na ga sun shigo, uban a gaba, ɗan a baya da jaka. Mamana, na rangaɗa guɗa har maƙwabta suka fito da gudu suna zaton gobara ce! Goggonku ta yi rawa da takalmi ƙafa ɗaya. Motar nan ta tashi ranar Asabar ba da ɗana ba. Wannan alherin Allah ne kawai, ba wayon kowa ba, ba kuma don mun cancanta ba.

Ba zan ce miki hankalina ya kwanta duka ba. Har yanzu in ya cire riga sai na shinshina ta a ɓoye. Ya yi wa fasto alkawarin barin sha, yana zuwa wurinsa suna addu'a, amma da safe hannunsa yana rawa, ba ya kuma cin abinci sosai. Ki gaya mini abin da zan ba shi, ko in kai shi a duba shi. In kin kira Babanku kada ki tsokane shi da zancen sakata, don har yau yana cewa a wajen aikin kafinta dai malamar ba ta san komai ba.

Ki gaishe mini da surukina, Allah ya sa albarka a aikinsa. Ki gaida Mijina Ƙarami, ki ce masa in bai zo ya gan ni ba zan sake miji, da Sarkin Kuka, da uwar maigidanki. Babanku da Goggonku suna gaishe ku. Zan tsaya nan, don wanda zai kai takardar tasha yana tsaye a kaina yana cewa Mama ki yi sauri, Baba na jirana a shago. Auta ne.

Taki har kullum,
Mamanki