Dogon da Aka Binne a Bayan Sito

Zuwa ga Babana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya gwiwar? Ina fatan Inna tana hana ka yawan tsayuwa.

Baba, raina a jagule yake. Zanen sabon layin dogo ya iso ofishinmu na tsara birni, kuma ta tsakiyar unguwar maƙera aka ratsa da shi. Gida arba'in da biyu za a rushe, har da na Goggo. Babban injiniya ya ce babu wata hanya. Da yake ni ce ƙarama a ofis, ni aka miƙa wa jan fenti in je in shafa wa gidajen. Na kasa.

Kwana uku ke nan ina duban taswira. Duk titunan da aka yi bayan zuwan jirgi a miƙe suke, tasha suka nufa, kasuwa ma ta bar tsohuwar ƙofar gari ta bi su. Titi ɗaya ne ya lanƙwashe, na bayan sito, kuma gidajen wurin duk sun ba shi baya. Shekara talatin ka yi kana canza wa jirage hanya a tashar nan. Me ya lanƙwasa shi?

'Yarka,
Auta

Babana,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Allah ya sa gwiwa ta yi sauƙi.

A tsaye na karanta wasiƙarka. Ashe reshen dogo ne da ake kai kaya sito ta kansa, aka binne shi tun ba a haife ni ba!

Ranar Talata na ɗauki lebura biyu, muka je daidai inda ka ce, gaban tsohon famfo. Ba su yi nisa da tono ba diga ta bugi ƙarfe. Ihun da na yi, mai gadin sito ya zaci maciji na taka. Muka bi dogon har tasha, babu gidan kowa a kansa.

A zaman majalisar gari na shimfiɗa taswirata, na nuna sabon layin zai iya bin tsohon dogon. Injiniya ya daɗe yana awo, sannan ya cire tabarau ya ce hanyata ta ɗan fi tsawo, amma jirgi zai sha kwanar lafiya lau. Aka ɗaga hannu, aka amince. Ko bulo ɗaya ba za a taɓa ba!

Maƙera suka yi ta dukan ƙarfe har la'asar, ba don suna ƙera komai ba. Goggo ta kwance kayan da ta ɗaure, tana kuka tana yi mini faɗan ban ci abinci ba.

Injiniya ya tambaye ni a wace jami'a aka koya mini wannan. Na gaya masa gaskiya. Yanzu so yake ka zo da kanka ka zaga da mu, ka nuna mana sauran abin da ke ƙarƙashin garin nan. Ranar Litinin za a turo maka mota.

Ka ce Inna ta nemo maka hularka ta aiki.

'Yarka mai alfahari da kai,
Auta