Barewar da Ta Tsallaka Haddin Harami

Zuwa ga mahaifina, Malam Isiyaku direba.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uba, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahama, akwai maganar da na kasa yi maka kana raye. Yau zan yi ta, Baba, ko da mutane za su ce ba a yi wa mamaci ƙorafi.

Ka tuna Alhamis ɗin da muka bar unguwar Bani Malik a bayan motar kafilinka, ubangidan da ya tsaya maka a ƙasar nan, Ammi Saleh, wanda kake kira abokinka? Iyalinsa da namu, da tantuna biyu da buhun shinkafa, muka bi hanyar Makka. Shekarata goma sha uku, daidai da ɗansa Hisham. Kun ce yara ne za su yi farautar barewa, manya su sha shayi. Inna tana ta tsokanata, wai ko ɓera ban taɓa kashewa ba.

A hanya ka nuna mana fararen ginshiƙan da suke iyakar Harami. Ka ce duk dabbar da ta wuce su baƙuwar Allah ce, ko korar ta ba a yi.

Da sassafen Juma'a muka taso barewa, ni da Hisham, bindiga ɗaya a hannuna. Ta tsallaka ginshiƙan ta tsaya tana kallonmu. Na sauke bindigar, kamar yadda ka koya mini. Hisham ya fizge ta, ya taka gaba, ya harba.

Da kuka iso, Ammi Saleh ya kau da kai, shi mai sahun gaba a masallaci. Kai kuwa jikan maharba ne, ƙasa ba ta ɓoye maka komai. Na ga idonka ya bi sawun takalmin Hisham har inda ya durƙusa, ya dawo kan sawun ƙafata da ya tsaya a baya. Wallahi na gani. Sai ka ce, "Ɗana ne, yarinta ce." Ka tsinka mini mari a gaban kowa.

An binne barewar, tunda ta zama mushe. An nannaɗe tantuna, shinkafar ma ba wanda ya taɓa. Da muka koma gida ka yanka akuyata, wadda na raina tun tana 'yar ƙarama, ka rabar da naman fansa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ranar nan dai wani daban ruwan ya doka. Har na yi aure ana nuna ni a unguwa, ana cewa ga wanda ya yi harbi a Harami.

Na gane, Baba. Iƙamarmu, takardar izinin zaman mu bakwai, tana aljihun mutumin nan, kai kuma da ƙafa ka keto Sudan ka iso ƙasar nan. Ni ma yanzu uba ne, na san abin da tsoro yake sa mutum. Marin na yafe tuntuni, akuyar ma haka. Ban manta daren da zazzaɓi ya kama ni ka goya ni har asibiti ba.

Abin da yake ci mini rai shi ne shirunka. Ammi Saleh ya rasu, ba sauran wanda za ka ji tsoro, muka yi shekaru muna cin tuwo a akushi ɗaya. Ina ta jira ka ce ka san ba ni ba ne. Ko uffan.

Ranar da za ka cika ka kamo hannuna, na sunkuyo, na ce yau ce. Sai ka ce, "Habu, na yafe maka abin Harami."

Na ce na gode. Me zan ce, ɗaki cike da mutane?

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, kada Ya tambaye ka a kaina. Ni kuma Ya ba ni ikon yafe maka wannan kalma kafin in iso, don har yau ban iya ba.

Ɗanka,
Habu