Kada Aska Ta Taɓa Wuyan Nan

Zuwa ga Saude, sanyin idona, farin wata a kan ruwan Bakolori, alkamata mai sheƙi da hantsi,

Gaisuwa mai tarin yawa, ke da Gwaggo Hindu da mutanen Birnin Tudu baki ɗaya.

Saude, ni da na goge a kasuwar Mafara da sayar da man shafawa, ni da zan iya sayar wa Bafillata nono, yau ga ni baki buɗe! Kin tuna bara, da fatarki ta bushe ta yi kaushi, gashi na zuba, kina jin ɗari ana tsakar zafi? Wane mai ne ban kawo ba? Man kaɗe, man shanu, har na kwalba mai ƙamshi. Fatar ta shanye su sarai, ko godiya babu.

Sai ranar da na raka ku asibiti a Sakkwato, ke da yayanki Ayuba. Likita ya ba ki ruwa ki haɗiya, yana duban wuyanki. Ya ce akwai 'yar tsoka a gaban maƙogwaro, ita ke sakin abin da ke raya fata da gashi da ɗumin jiki, taki ce ta gaza har ta kumbura. Subhanallahi! Ashe kowa da ƙofar dam ɗinsa a wuya, irin ta madatsar ruwan Bakolori! A rufe ta can sama, fadama ta tsattsage can ƙasa, mu kuwa muna bin gona da buta. Wa ya tsara wannan in ba Sarkin sarakuna ba? Likita ya ɗora ki kan 'yar ƙwaya kullum da safe, sai ga goshinki na ɗaukar ido, tafinki ya yi laushi kamar sabuwar auduga!

Yanzu Ayuba ya ce mini kin ajiye maganin, wai kin warke, Gwaggo kuma ta kira wanzami ya yi wa sauran maƙoƙon tsaga ran Juma'a. Haba, hasken raina! Ba a gabanki likita ya ce in kin daina, bushewar da kasalar za su dawo ba? Ita aska mi za ta tarar a nan ban da jijiya?

Don Allah ki koma ga shan maganinki. Ran Alhamis zan rufe rumfa in zo in durƙusa gaban Gwaggo, ba ni tashi sai ta sallami wanzamin. Da kumburi ko babu, wuyan nan nake so in saya wa sarƙar lefe, kuma ba na son in tarar da tabo a wurin.

Naki, har ranar da ƙasa za ta rufe idona,
Jafaru mai man shafawa