Sharaɗin Josette a Kan Kekena

Lahadi, 4 ga Agusta

Josette ta kafa mini sharaɗi. 'Yar da na haifa da cikina. Ta zo cin abincin rana ta ga ƙujewa a gwiwata, na ce kare ne ya gifta mini. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce tun da likita ya gano ciwon karkarwar nan take roƙona in ajiye keke, ta gaji. Sai bakina ya ja mini: na ce in na kai ƙololuwar Dutsen Washington a tseren keke na bana, ta daina yi mini maganar keke har abada. In na kasa, ta tafi da shi. Saurin da ta yi ta amsa ya nuna ta riga ta gama lissafina.

Abin haushi, ba a barin kowa ya gangaro da keke, dole mahayi ya sami mai mota ya jira shi a sama. Fernand maƙwabcina da ya saba jirana an yi masa aikin ido. Saura ita. Mai fatan in kasa ita za ta jira ni.

Laraba, 7 ga Agusta

Takalmin tsere, irin mai maƙalewa a feda, ya ƙi fita. Na murɗa diddigen hagu, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Na zube a ƙofar gidan waya kamar buhun dankali. Ban gaya wa kowa ba.

Talata, 13 ga Agusta

Fernand ya shigo shan kofi da bandeji a ido. Wai, "Mutumina, tsakanin kai da dutsen nan wa ya girmi wani?" Ya ce in sayar da keken mu haɗa mu sayi kwalekwale, mu riƙa kamun kifi kamar tsofaffin kirki. Na ce ya je ya kama da ido ɗayan.

Ba wanda ya gane. Cokali ya gagare ni, maɓallin riga ya gagare ni, rubutun nan ma kamar kaza ta yi tono. Amma da na hau keke sai hannun ya yi tsit. A can kaɗai nake komawa ni. Masana'antar takarda da nake aiki ta rufe, matata Pauline ta rasu ta bar ni, yanzu wannan ma za a karɓe? Tsoro nake ji, wallahi.

Juma'a, 16 ga Agusta

Rediyo ya ce gobe ruwa da hazo, iska kuma mai ƙarfi a sama. Ina addu'ar kada a soke tseren. Wani ɓangare na zuciyata yana addu'ar a soke. Munafuki.

Lahadi, 18 ga Agusta

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Ba a soke ba. Josette ta hau dutsen da mota tun da safe, ita da barguna, ba ta ce mini Allah ya ba da sa'a ba. Aka buga bindigar tashi cikin yayyafi. Muddin ina cikin itatuwa da sauƙi, sai dai kowa na wuce ni, har wani mai furfura fiye da tawa. Da itatuwa suka ƙare sai dutsen ya nuna halinsa. Iska ta dake ni ta gefen dama kamar an banko ƙofa. Hazo ya rufe komai, tayar gaba kawai nake gani da laka. Mutane sun sauka suna tura kekunansu, ni ko sauka ba zan iya ba, diddigen ya sandare.

Iskar ce ta sauke ni. Na kwanta a ƙasa keke na maƙale a ƙafata, ruwa na shiga kunnena, na yi kuka kamar yaro. Wata mai kula da hanya ta cire mini ƙafar, ta ce ta kira mota? Da a ce na amsa da e, da shi ke nan, na kasa. Na ce ta riƙe mini sirdi kawai in hau. A irin wannan tudun ba ka tashi kai tsaye, sai ka ratsa hanya a karkace. Sau nawa na gwada, ban sani ba.

Daga nan ban san kaina ba. Ina kiran Pauline, ina zagin dutsen. Yatsuna sun mutu da sanyi. Can na fara jin ƙararrawa irin ta wuyan shanu da 'yan kallo ke kaɗawa a sama, ɗaya-ɗaya, yawancinsu sun shige motoci. Sai iskar ta ragu a damata. Na zaci bango ne. Ashe Josette ce ta gangaro da ƙafa, ta buɗe bargo da hannu biyu tana tafiya tsakanina da iska. Tafiya kawai take yi, ba gudu ba, abin da saurina ya koma ke nan.

Ta ce, "Kalli hanya, Baba, kada ka kalle ni. Kuma ban taɓa ka ba, kada gobe ka ce tura ka aka yi."

Tudun ƙarshe a tsaye yake kamar garu. Yadda na haye shi, Allah ne ya sani. Na tsallake layi, ƙafa ta ƙi fita, na faɗa kanta muka zube tare.

A hanyar saukowa ta tsaya inda ake tsayawa birki ya huce. Ta kifa kai a sitiyari. Ta ce duk wanda ya ɓullo daga hazon sai ta duba rigarsa, ba ni ba ne, har aka hawo da wani a mota a naɗe ba ya magana, ta je ta buɗe fuskarsa.

"Ka ci, Baba. Kekenka ne, ba zan ƙara magana ba." Ta share hanci da bargon. "Amma kada ka sake sa ni in tsaya a can."

Hannunta na rawa fiye da nawa.

Alhamis, 22 ga Agusta

Gari ya yi kyau, ba iska. Na ci, kuma ta cika alkawari, ta bugo waya sau biyu ba ta ambaci keke ba. Na wanke lakar, na sa wa sarƙa mai. Na ce wa Fernand ya zo ya ɗauke shi ya ajiye mini a garejinsa na ɗan lokaci, nawa yana yoyo. Ya ɗaga kai ya ƙare wa rufin da bai taɓa ɗiga ba kallo da idonsa mai lafiya, ya ce lallai kam, yana yoyo.