Taƙin da Na Bar wa Ithel

Zuwa ga matata Gwenllian,

Gaisuwa mai yawa daga Calais. Yaya jikin Inna? Yaya tumaki da ruwan bana? Ni lafiya lau nake, ina cin abinci idan na tuna.

Saƙonki ya iso, tare da zaren da kika auna tsayin ɗanmu Ithel da shi kafin zazzaɓin nan ya ɗauke shi. Ya tarar da ni ina kankare bakan harbin da nake yi masa. Itacen bishiyar yiw ne mai kyau, fari a baya, ja a ciki. Daidai tsayin mai shi ake yin baka, amma bara na bar ƙarin taƙi guda, saboda yaro yana girma. Na shimfiɗa zaren a jikin bakan. Saura yatsa biyu tsayin yaron ya cike taƙin.

Jiya maigidana Hopkin ya ce, "Haba Madog, itace ba ya zaman makoki. Datse ƙarin nan, ka ɗaura tsarkiya mu sayar." Ba mugu ba ne. Na ɗauki zarto, na ajiye.

Kin ce a gindin yiw ɗin coci kuka kwantar da Ithel. Kun kyauta. Da bazara zan taho da bakan, ki nema masa wuri a saman ƙofa. Yatsa biyun nan suna nan, ban taɓa su ba.

Allah Ya ba mu haƙuri.

Mijinki,
Madog