Makarantar da Ta Koma Gidan Tsofaffi

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Inna? Ya 'yata, tana cin abinci kuwa? Ni lafiya lau, bayana ne kawai ke ɗan ciwo, kada Inna ta ji.

Gidan tsofaffin da nake aiki, a da makarantar yara ce. Haihuwa ta yi ƙaranci a ƙasar nan har aka rufe ta. Famfunan duk iya gwiwata suke, don ƙanana aka yi su, haka nake wuni a sunkuye ina wanke fo. Ƙusoshin rataye jakar makaranta kuwa, sanduna ne a kansu yanzu.

Ko'ina hoton jariri ne, gwamnati na roƙon mutane su haihu, har da tukuici. Ganin haka na sami shugabar gidan, na ce, "Tunda yara kuke nema, ga tawa, a bar ni in kawo ta."

Ta dafa kafaɗata tana murmushi, ta ce, "Izininki na zama a ƙasar nan na mutum ɗaya ne. Ku ai haihuwarku ta yi yawa. Amma in ta girma ki turo ta, kullum muna neman ma'aikata."

Ranar ko ruwa bai yi mini daɗi ba. A yi mana gorin haihuwa, mu yi goyo, mu yi yaye, sannan su miƙo hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Don Allah ki tsaya mini a kan karatunta, ko da sunan wasa kada ta zo nan. Sunkuyon da nake yi ya ishe mu mu biyu.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki