Ki Sa Hannu, Raudatu

Zuwa ga Raudatu, sanyin idona, farin watana, inuwar da nake fakewa idan ranar garin nan ta take tsaka,

Amincin Allah da rahamarsa su lulluɓe ki kamar yadda hadarin la'asar yake lulluɓe Kuala Lumpur. Ya ƙarfin jiki? Na san ba za ki amsa ba. Yau kwana tara ina kiran wayarki har ta gaji ta katse, saƙonnina kuma suna zaune a bakin ƙofarki kamar baƙin da aka ƙi yi wa shimfiɗa. Shi ya sa na koma ga biro da takarda, kuma Mama zan ba ta miƙa miki, don duk inda fushinki ya kai ba za ki mayar da hannun mahaifiyarki ba.

Kin tuna ranar da ruwa ya tsare mu a Kampung Baru, a rumfar mai shinkafar nasi lemak? Yajin ya sa ni hawaye, ina shan ruwa ina shan iska, ke kuma kina dariya har kina dafe ciki, kina cewa, "Makan lah, ci mana, Malam Ubaidullah, kai da ka ce kai Bakatsine ne!" Wallahi dariyarki a ranar ta fi mini saukar ruwan fari a kan busasshiyar gona. Sai kika ajiye cokali kika dube ni ido da ido, kika ce, "Kafin ka yi nisa, ni sikila ce. Idan za ka gudu, ka gudu yanzu da sauran ƙafarka." Na gudu? Washegari asibiti na nufa aka gwada jinina, na zo miki da takardar AA ina haki kamar wanda aka yi wa bushara da Aljanna.

To yaya bakin da ya faɗa mini gaskiya a ranar farko zai ce da ni a tashar jirgin ƙasa ta LRT, "Ka ce kawai ka gaji da mai ciwo"? Haba Raudatu! Haba hasken raina! Ƙofar jirgin ta rufe tsakaninmu, kalmar kuma ta tsaya mini a ƙirji kamar ƙayar kifi, har yau ba ta wuce ba.

Ki bari in faɗa miki abin da ya faru, don a ranar kuka bai bar ki kin saurara ba. Bayan an sa mana rana, Abba mahaifinki ya kira ni ofishinsa a jami'a. Bai ɗaga murya ba. Ya turo mini takardar inshorar lafiyar da aikinsa ya ba iyalinsa, ya ce, "Ubaidullah, ban hana ka ba, kai ɗana ne. Amma karanta nan." Na karanta. Kina ƙarƙashin sunansa har ki cika shekara ashirin da biyar, muddin kina karatu, muddin kuma ba ki yi aure ba. Ranar da aka shafa mana fatiha, ranar sunanki zai fita. Ƙarin jinin da ake miki, da magungunanki, da gadon da ake ba ki ba tare da jira ba idan ciwon ya tashi, duk a kan wannan layi ɗaya suke rataye. Na ɗago kai na ga Abba, babban malami mai furfura, yana goge gilashinsa alhali babu komai a jikinsa.

Ban miƙa wuya nan take ba. Tawa inshorar ta ɗalibai ce, ba ta ɗaukar mata. Na zaga kamfani uku, tun daga Brickfields har tsakiyar gari, kowa ya yi mini murmushi, kowa ya ce ciwon da mutum ya zo da shi tak boleh, ba zai yiwu ba. Sai na koma wajen Abba na ce a ɗaga bikin. Ni na faɗa, da bakina, ba wanda ya tilasta ni. Laifina shi ne ban fara zuwa wajenki ba, na yanke hukunci a kan rayuwarki kamar ba ki da ta cewa. Wannan kam na yi kuskure, ki yafe mini.

Amma yanzu Mama ta ce kin ƙi sa hannu a fom ɗin sabunta inshorar, wai ba za ki rubuta da hannunki cewa ba ki da aure ba, wai gara a ɗaura yadda aka tsara, Allah ne mai warkarwa. Haƙiƙa Shi ne. Amma Shi ɗin ne ya hore miki wannan hanya, kuma ranar Alhamis za a rufe karɓa.

Ya ke furen da ya tsiro a kan dutse, kin manta watan azumin bara? Ni ban manta ba. Na tsaya a bakin ɗakin asibiti ina hango ki kin cije gefen filo don kada Mama ta ji ihunki, robar iska a hancinki, yatsunki sun kumbura, leɓenki ya yi fari kamar toka. A cikin awa ɗaya likitoci suka rufu a kanki. Da a gidana kike a ranar, me zan miƙa musu? Soyayya? Ina da ita kamar ruwan teku, amma ba a ɗura ta a jijiya. Wane irin ango ne zai ɗauko amaryarsa daga inuwa ya ajiye ta a tsakiyar rana, don kawai a ce tasa ce?

Kada ki zaci ni ban ji ciwon ba. Hajiyata a Katsina ta riga ta fara haɗa lefe, da na gaya mata a waya, sai na ji tana jan hanci. Ɗakin da na kama mana a Bukit Jalil, mai tagar da kika ce za ki jera tukwanen furanni, na mayar da mukullinsa ranar Litinin. Na daɗe a tsaye a cikinsa kafin in iya fita.

Ba zan yi miki alƙawarin da ba na iyawa ba. Karatuna zai ƙare a watan Agusta. Ina neman aiki a nan, irin wanda inshorarsa za ta karɓe ki da ciwonki, ba tare da an ware komai ba. Idan na samu, ko sati ba zan ƙara ba. Idan ban samu ba, bizata za ta ƙare in koma gida, in ci gaba da nema daga can, teku a tsakaninmu. Shekara biyu ce ta rage miki a ƙarƙashin sunan Abba. Zan kashe kowace rana a cikinta ina gina miki wani rufin, don kada ki fito daga nasa ki tarar da sarari.

Ki ɗauki biro, ya rabin raina. Ki cike gurbin nan, ki rubuta ba ki da aure, ni na san ta wa ce ke, Allah ma ya sani. Bayan nan ki yi fushi da ni wata guda, ki yi shekara idan kin so. Fushinki zan iya ɗauka, muddin kina numfashi kina yin sa. Wanda ba zan iya ɗauka ba shi ne in tsaya a sahun gaba ana yi miki salla.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a mayar da ni ƙasa,

Ubaidullah